Tukwane Bakwai na Surukina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina, mahaifin matata, ya riga mu gidan gaskiya. Kwana uku na yi a zaune bakin ƙofar falonsa a unguwar Mount Hope ta Bronx, kusa da tulin takalma, ina jin mutane suna yabon wani mutum da ban gane ba.

"Allah ya ji ƙan Alhaji, ba ya fashin jam'i." Gaskiya ne. "Mutum ne marar hayaniya." Wannan ma gaskiya ne. Wani direban tasi ya ce sau biyu ya gyara masa giyar mota. Wata Hajiya mai shagon atamfa a Harlem ta share hawaye ta ce, "Makanike ne ko? Allah sarki." Makanike! Shekara talatin da ɗoriya mutum yana aiki ɗaya a garin nan, har Turawa da baƙaƙen Amurka suna tuƙo mota daga wasu jihohi don su same shi, amma a cikin falon da ya cika da 'yan'uwansa babu wanda ya san sunan aikin.

Ran kwana na biyu bayan azahar wani ƙaton mutumin Dominika ya hawo bene yana haki. Ya cire takalmi ba wanda ya ce masa ya cire, ya tsaya a tsakiyar falo rungume da kofin tsere, ya fashe da kuka irin na yara. Da Turanci yake cewa tsohon nan ne ya hana shi mutuwa. Mutane suka yi ta gyara zama suna kallon kafet. Yayan marigayin, wanda kowa ke kira Alhaji Babba, ya ce da Hausa, "A ba shi ruwa a sallame shi. 'Yan caca sun fara zuwa." Kofin da ya kawo a bayan ƙofa aka ajiye shi, tare da lema da tsintsiya.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Ran sadakar uku an ƙona littattafai guda tara na surukin nawa, wanda muke kira Baba, duk abin da ya sani yana cikinsu, kuma ni kaɗai a wurin na san ko mene ne. Ban ce uffan ba. Zan zo kan wannan. Bari tukuna in faɗa muku wanda muka binne.

Baba ɗan Zongon Kumasi ne, a can ya koyi ƙarfe tun yana saurayi. Ni daga Damagaram na zo, ina tuƙa motar kai tsofaffi asibiti. Aure ya haɗa mu, mota ta riƙe mu. Kun san yadda suruki yake da suruki: ba na cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunana, ba ma haɗa ido. In zai ce in miƙo sifana sai ya ce, "A miƙo sha huɗu." In zai yaba mini sai ya gaya wa motar.

Duk mota mai giya otomatik tana da wani kewayayyen ƙarfe tsakanin inji da giya, an rufe shi ruf da walda, cike yake da mai. Kwambata ake ce masa, amma Baba tukunya yake cewa. Ranar da na fara zuwa kusurwarsa, a wani gareji ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a titin Jerome, ana zafi kamar a gasa mutum. Ya jawo fanka biyu ya sa suka fuskanci juna, ya kunna ɗaya. Ɗayar ta fara juyawa ba a taɓa ta ba. Fankar ya yi wa bayani, ni ina ji.

"To, ga shi nan. Wannan inji, wannan giya. Ba ƙarfen da ya haɗa su. Nan iska ce, cikin tukunya kuwa mai ne. Ta baya ba ta taɓa kamo ta gaba, kullum da saura kaɗan. Sauran nan shi ne silif, santsi ke nan. A kansa nake ci, a kansa nake sha."

Motar zuwa kasuwa ba ta damu da wannan ba. Masu damuwa su ne masu tseren nan na miƙaƙƙiyar hanya, rubu'in mil, babu kwana babu zagaye: mota biyu a tsaye, fitila ta yi kore, kafin ka gama salati an gama. A irin wannan tsere tashi shi ne rabin nasara. Ka danne birki, ka danne totur, motar tana tsaye tana karkarwa, allurar inji tana hawa har ta kai inda za ta tsaya ta ƙi gaba. Wurin da ta tsaya shi ne sitol. Kowane inji yana da inda ƙarfinsa yake zaune, aikin Baba kuma shi ne ya sa allurar ta tsaya daidai bakin ƙofar ƙarfin nan. In tukunya ta kama da wuri, mota za ta tashi kamar tsohuwa mai ciwon baya. In ta yi sako-sako, inji zai yi ta ihu tayoyi ba su da labari, ƙarfin duk ya tafi wajen dafa mai.

"Wadda ba ta santsi ta shaƙe inji, wadda ta cika santsi ta dafa miya." Kullum sai ya faɗi wannan. Da kuma, "Ƙara ba gudu ba ce."

Ba ya taɓa tukunyar mutum sai ya yi masa tambayoyin da ko likita ba ya yi. Nauyin motar nawa, nauyinka kai nawa, tsayin taya, wace giya ce a baya, allurar tana ina lokacin da ka ƙetare layin ƙarshe. Ya karɓi 'yar takardar lokacin da ake ba mutum a filin tsere, ya zaro sandar auna mai ya sansana, ya murza a yatsa. Wani Bature ya taɓa ce masa ya yi masa irin ta abokinsa sak. Baba ya ce, "Tukunya ɗaya a mota biyu, hali biyu ne. Kai ma ba ka sa wandon abokinka ba." Sannan ya ɗora ta a injin yanka ya raba ta biyu, ya zauna da filaya yana lanƙwasa fukafukan ciki ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci yini guda. Kafin ya rufe sai ya ɗauki 'yar ƙusar zane ya yi ɗan rubutu a jikin ƙarfen tsakiya. Na ɗauka bismilla yake rubutawa, ban taɓa tambaya ba.

Duk wannan yana shiga littafi. Littattafan 'yan makaranta ne masu baƙin bango, yana sa rula ya zana gida-gida, ya cika gidajen da lambobin Larabci, a gefe ya yi bayani da ajami. Kowace tukunya ya buga mata lamba a waje, lambar nan ita ke kai ka shafinta. Ni Alƙur'ani mai wasali na iya karantawa, rubutun Baba kuwa ba wasali, sai ka ce kaza ta yi tone. Ya taɓa cewa, yana kallon bango, "In an samu sarari a zo a koyi karatun littafin nan." Na ce to. Kullum ina cewa sai mako mai zuwa.

Mutumin Dominikan nan, ga labarinsa. Wata Asabar a filin tsere a New Jersey ya kai matakin ƙarshe, saura gudu ɗaya ya ɗauki kofi. Baba yana wucewa ya ji motarsa tana aiki a tsaye, ya dawo, ya kafa doguwar sukundireba a jikin giya ya sa kunne a marikin. Ya miƙe ya zare makullin motar ya sa a aljihun rigarsa, ya je ya zauna a kan taya. Mutumin nan babu zagin da bai yi ba, da Turanci da yarensu. Ya fi Baba girma sau biyu. Baba yana jan carbi har aka kira shi sau uku aka soke sunansa. Ran Litinin ya yanka tukunyar a gabansa, ga tsaga ta kusa zagaye ta. Da ta fashe a ƙarshen fili ta watsa mai a ƙarƙashin tayoyi, sai dai a kwashe shi a bango. Kofin da ya kawo gidan makoki na shekarar da ta biyo baya ne.

Alhaji Babba bai taɓa son aikin nan ba. Wata Babbar Sallah muna cin tuwo da miyar ayoyo, ni ina can gefe da kwanona, Alhaji ya ce wa Baba, "Kai da furfurarka kana yi wa 'yan caca hidima, suna ƙona mai a banza. Me za ka ce gobe kiyama?" Baba ya suɗe yatsa ya ce, "Yaya, ni mai nake aunawa. Wanda ya yi caca shi ya sani." Alhaji ya ce ai mai taya ɓera ɓari shi ma ɓarawo ne. Baba ya tashi ya wanke hannu. Tun daga ranar bai sake maganar aikinsa a gaban yayansa ba, shi kuma bai taɓa taka garejin ba, ko sau ɗaya.

Tawa rigimar ta fi wannan muni, don ni na san aikin.

Muna da wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu da muka haɗa tare. Ni ke tuƙi, gwiwarsa ba ta barinsa. Tukunyar da ya yi mini tana tsayar da allura a dubu huɗu. Ina ganin yara suna tashi a dubu biyar da rabi, ƙasa tana girgiza, mutane suna ɗaukarsu a waya, ni kuwa in tashi salin-alin. Wata rana muna dawowa na ce wa gilashin gaba, "Da an ɗan ƙara wa sitol ɗin nan." Ya ce wa nasa gilashin, "Ƙarfin injin nan bai kai can ba. Ƙafar direba ce take da gaggawa." Wallahi maganar ta soke ni. Na yi odar wata ta kamfani a intanet, mai kwali mai ƙyalli, na kai wani gareji a Queens aka sa mini a ɓoye.

Ranar da na gwada ta, kai, motar ta yi ruri har masu sayar da abinci suka juyo. Na ji ni wani ne. Da na karɓi takardar lokaci sai na ga na fi kullum jinkiri. Na sake, haka. A gudu na uku ƙauri ya cika mini hanci, giya ta ƙi shiga. Baba ya zo ya zaro sandar mai, ya sansana, ya murza, ya goge a tsumma. Ya ce, "Miya ta ƙone." Shi ke nan. Ya kwanta a kan kwalta mai zafi, da shekarunsa da gwiwarsa, ya ɗaura sarƙa muka ja motar kan tirela. Har muka iso Bronx bai ce ai na faɗa ba. Da ya zage ni da na huce tun a hanya. Shirun nan ne na kasa yafe masa, ku ji wautar ɗan Adam.

Wata takwas ban je garejin ba. Ran Juma'a in durƙusa in gaishe shi a ƙofar masallaci in wuce. Wata rana matata ta ce, "Baba ya ce in gaya maka akwai tukunya a kan kantar gareji, in ana so." Na ce, "Ki ce masa an gode." Ban je ba. Ina jira a buɗe filin tsere in je kamar ba abin da ya faru. Saura 'yan makonni a buɗe ya faɗi a kusurwarsa da hantsi, tabaron walda a goshinsa. Kwana biyu ya yi a asibiti bai yi magana ba. Hanyar da muke bi zuwa tsere ita muka bi da shi zuwa maƙabarta.

To, ran sadakar uku. An gama addu'a, an raba waina da koko, mutane sun ragu. Alhaji Babba ya shiga ɗakin marigayin don a tattara kaya, ya fito da wani gwangwanin biskit da ya samu a ƙarƙashin gado, an naɗe shi da tsohon rawani. Surukata tana ƙuryar ɗaki tana takaba, matata tana kicin. Ya buɗe littafi ɗaya, ya ga gida-gida da lambobi, ya rufe da sauri kamar ya taɓa wuta.

"A'uzu billahi. Hatimai ne. Ashe abin da yake ba 'yan tseren ke nan suke cin nasara." Ya dubi dattawa biyun da suka rage. "Ba zan karanta ba, kada in ɗauki zunubi. Kuma ba za a jefa a shara ba, akwai haruffan Larabci. Mu rufa wa ɗan'uwana asiri, mu sauke masa nauyin nan tun yana kwana uku a ƙasa."

Dattawan suka ce madalla. Na yi gyaran murya. Alhaji ya juyo ya ce, "Akwai magana ne?"

Akwai, mana. Amma suruki ne ni, bare a rabon kayan mamaci. Kuma na san in na buɗe baki zai ce ai kai ne kake tuƙa masa motar cacar, wani kuma ya tambaya ina nake wata takwas. Duk wannan ya zo mini a lokaci ɗaya. Na sunkuyar da kai na ce, "Babu, Alhaji. Allah ya ba da lada."

A tsakar gidan bayan bene aka yi, cikin gangar da muke gasa naman layya. Ni aka sa na jawo ta. Ni na riƙe murfin don kada iska ta watsa toka. Alhaji yana sa su ɗaya-ɗaya yana istigfari, da hawaye a idonsa, don shi a ganinsa taimakon ƙanensa yake yi. Bangon littafin yana da taurin ci, sai da aka zuba mai.

Bayan sati biyu mai gareji ya kira ni ya ce yana son kusurwarsa. Na je na tarar da tukwane bakwai a jere a kan kanta, kowace da lambarta, lambar da ba ta kai mutum ko'ina yanzu. Duk kamarsu ɗaya. Masu tsere biyu suka zo suna tambaya ko tsohon ya bar bayani a kan motocinsu, na ce babu. Suka tambaya ina baƙin littafin, na ce ya ɓace. Na kwashe tukwanen na kai ɗakin ajiya na ƙasan benenmu, kullum in na sauka zubar da shara sai na tsaya na kalle su.

Da na ga abin zai kashe ni sai na ce, tunda takarda ta tafi, saura abin da ke cikin ƙarfe. In na yanka ɗaya na auna fukafukan, ko kaɗan zan tsira da shi. Na ɗauki wadda waldarta ta fi sabunta na koma garejin, na roƙi aron injin yanka. Na bi layin waldarsa, siririya, daidai, babu tudu babu rami, irin wadda ba zan iya mayarwa ba har in mutu. Ta rabu biyu, mai ya tsiyaye. Na ɗago ƙarfen tsakiya na goge, sai ga zanen ƙusarsa. Layi uku ne. Ko ni da ba na iya karatunsa na san bismilla ba ta kai haka tsawo ba.

Mutum ɗaya na sani a garin nan da zai iya karanta wannan hannu, wato Alhaji Babba, don gaban malami ɗaya suka yi karatu a Kumasi. Na naɗe ƙarfen a jarida na sa a jaka, na hau jirgin ruwa zuwa Staten Island. Duk tsawon hanya ina shirya maganganun da zan gasa masa, ina gyara su, ina ƙara musu barkono.

Na same shi a shagonsa a Port Richmond bayan la'asar, yana jera gwangwanayen manja. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe jaridar a kan tebur.

"Wannan kuma fa?"

"Rubutun Baba ne, Alhaji. Ina so a karanta mini."

Ya ja baya. Ya leƙa, ya ga babu gida-gida, sai ya sa tabarau. Ya share man da babban yatsansa. Bai ko yi tuntuɓe ba.

"Ta mijin ɗiyata. Dubu huɗu da ɗari uku." Ya kai ƙarfen kusa da fitila. "Ya ɗan yi gaskiya."

Na dafa teburin. Ashe tawa ce na yanka. Ɗari uku ya ƙara mini, ya zauna ya sake lissafi a kan maganar da na yi wa gilashi, ya rubuta a inda ya san ba zan gani ba, ya rufe da walda, ya aiko a ce mini in ana so.

Alhaji ya juya ƙarfen yana neman saura. Babu saura. Ya cire tabaron, ya sake mayarwa.

"Mene ne dubu huɗu da ɗari uku?"

Na gaya masa. Na gaya masa birki da totur da allura, da santsi, da miyar da ke ƙonewa. Shi ne karo na farko da wani ya yi masa bayanin aikin ƙanensa, kuma ya saurara har ƙarshe. Wata mata ta shigo sayen daddawa, ya ce ta dawo anjima.

"Littattafan nan," in ji shi. "Duk irin wannan ne?"

"Duk irinsa ne."

"Duka taran?"

"Duka."

Ya zauna a kan buhun shinkafa. Ya dubi baƙin man da ke yatsansa. Ina jira ya nemi gafara, na ma shirya yadda zan ƙi karɓa da sauri. Sai ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da ƙanensa bai taɓa yi ba.

"Kana tsaye a wurin. Na tambaye ka ko akwai magana."

"Ka tambaye ni, Alhaji."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

Duk maganganun da na shirya a jirgin ruwa babu wadda ta zo. Na yi masa abin da na yi masa ran sadakar uku, na sunkuyar da kai.

Allah ya ji ƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya auna masa da sassauci yadda ya auna wa mutane. Allah ya yafe wa wanda ya ƙyasta ashana, shi bai sani ba. Wanda ya riƙe murfin kuwa, ku sa shi a addu'a, don shi ya sani.